Injin Da Aka Ɗaure Kamar Buhun Wake

Shekara huɗu Asabe ta yi tana bin injin casar shinkafar nan kafin ta gan shi da idonta. Ita ce shugabar matan Rafin Ɗinya masu turara shinkafa, su ashirin da bakwai, a wani ɗan gari da ke gefen hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa. Ta zauna a kan bencin ofisoshin Kano har masinjoji suka san tarinta, ta sha "ki dawo jibi" har ta daina tambayar wane jibin ake nufi. Ba don son yawo take yi ba. Kowace kaka sai matan su turara shanshera, su shanya, su loda wa a-kori-kura zuwa Kwanar Dangora, su kwana biyu a layin injin casa, sannan su dawo da shinkafar da rabinta ya kakkarye. Abin da take so bai wuce ta ji ƙarar inji a garinsu ba, a wannan kakar, kafin gwiwoyinta su gama gajiya.

A farkon damina wata ƙungiyar tallafi daga birni ta kawo injin a bayan babbar mota, kore shar, yana ƙyalli. Aka sauke shi a sabon ɗakin kwano da aka gina masa. Asabe ta shafa gefensa, sai ga hawaye. Masu tallafin suka ce sharaɗi ɗaya ne, a kafa kwamitin da zai kula da shi.

Nan fa mazan garin, waɗanda a shekara huɗu ko sannu da hanya ba su taɓa yi mata ba, suka gano cewa ashe tun fil azal suna ƙaunar injin nan. Kafin la'asar an cika kwamiti. Alhaji Balarabe, babban mai sayen wake na yankin, ya zama shugaba, saboda ya fi kowa babbar riga da babbar murya. Malam Mujitaba ya zama sakatare tunda yana da biro biyu a aljihun gaba. Ita kuwa Asabe aka karrama ta da muƙamin mamba, aka ba ta farar kujerar roba a bakin ƙofa, inda feshin ruwa ke shigowa.

Injiniya Nazifi, wanda ya zo da injin ya haɗa shi, ya faɗi abu uku kafin ya shiga mota. Kada ruwa ya taɓa shi. A ɗora shi a kan katako, kada ya zauna a kan siminti. A bar tagogi a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Ya kuma nuna musu wasu ƙananan fararen jakunkuna da ke cikin akwatin wutar injin, ya ce masu shanye danshi ne, a bar su a inda suke. Alhaji Balarabe ya yi ta gyaɗa kai, amma a lokacin yana amsa waya a kan farashin wake a Dawanau, don haka na farkon kaɗai ya samu shiga. Jakunkunan kuwa, Malam Mujitaba ya farke ɗaya, ya ga ƙwayoyin ciki sun yi kama da takin zamani, ya kwashe su duka ya kai wa masararsa.

Da an kunna injin a makon, da duk wannan labarin bai taso ba. To amma ina, ai ba a kunna inji haka kawai kamar rediyo. Sai babban baƙo ya zo daga birni ya yanke ƙyalle, an ɗauki hoto. Babban baƙo ya ce wata mai zuwa. Wata ya zo, ya ce bayan Sallah. Daga baya aka aiko cewa hanyar Doguwa ba ta yi wa motarsa daɗi da damina, a bari ruwa ya ɗauke.

Sai kwamiti ya zauna a kan yadda za a adana injin har kaka.

"Jama'a," in ji Alhaji Balarabe bayan ya gyara zaman hularsa, "shekarata talatin ina adana wake. Ku tambayi kowa daga nan har Bebeji, an taɓa samun ƙwaro ɗaya a buhuna? Sirrin ɗaya ne. Leda a cikin leda, a matse iska, a ɗaure baki tamau. Abin da bai samu iska ba ba ya lalacewa. To abin da ya tsare wake, wanda ƙwaro ke so, zai kasa tsare ƙarfe, wanda ba mai ci?"

Aka yi ta "haka ne, Alhaji" daga kowane ɓangare. Wani ma ya yi kabbara.

Asabe ta gyara mayafinta ta ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina da 'yar magana. Waken da kake ɗaurewa ai sai ya bushe ƙayau, har ka sa haƙori ka ji ya ce ƙas. Wannan daɓen kwanansa tara da yi. Jiya na ajiye tabarma a kansa, da na ɗaga ƙasanta a jiƙe yake. In aka rufe inji a kansa, rana ta bugi kwano, zufa zai yi. Mu da muke turara shinkafa kullum muna gani. Ka ɗaga murfin duro ka ga yadda ruwa ke tsiyaya daga cikinsa, alhali ba wanda ya zuba masa."

Alhaji ya yi murmushin nan na manya, wanda ake yi wa mai ƙaramin sani.

"Malama Asabe, Allah ya yi miki albarka. Amma inji ba tukunya ba ne. Ƙarfe yana da hanci ne da zai nemi iska? Ko jaki ne da zai yi zufa?"

Aka kwashe da dariya, har Malam Mujitaba ya ajiye biro ya share ido. Asabe ta ce injiniya ma ai ya ce a bar taga. Alhaji ya ce injiniya yaron birni ne, bai san ɓarayin ƙauye ba. Da haka aka rufe taro da addu'a.

Washegari aka yi aikin, kuma gaskiya an yi shi da zuciya ɗaya. Aka naɗe injin da farar leda mai kauri har ninki uku, aka danne gefenta a kan daɓen da bulo, aka bi da robar taya aka ɗaɗɗaure. Aka watsa busasshen barkono a ƙarƙashi saboda ɓeraye. Tagogi biyun aka toshe su da bulo da siminti. Alhaji ya zagaya shi sau biyu, ya bubbuga ledar da tafin hannu ya ce ko shekara goma za a yi, yadda aka ajiye shi haka za a same shi.

Marka ta sauka. A kudancin Kano in ruwa ya kama, sai a yi kwana uku ba a ga rana ba, in ta fito kuma ta fito da hucinta. Gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa, ƙofofi suka kumbura. Asabe ba ta da sukuni. Murhun matan yana bayan ɗakin injin, kullum ta wuce sai ta tsaya wurin Baba Ɗahiru maigadi, wani tsoho mai ciwon baya da ke riƙe da mukulli.

"Baba, ina kwana? Ya jikin? A taimaka a buɗe mini in leƙa."

"Ke dai ba kya gajiya, 'yar nan," zai ce, sannan ya buɗe.

Mako na uku ta ga abin da take tsoro. Cikin ledar ya yi fari da raɓa, ɗigo-ɗigo suna gangarowa, ɗakin kuma yana wari kamar rigar da aka manta a cikin bokiti. Ta tafi rumfar Alhaji ta gaishe shi ta faɗa masa. Ya ce wannan ai alama ce ledar ta kama da kyau. Ta sa aka kira mata Injiniya Nazifi a waya, shi kuma ya ɗaga murya ya ce a buɗe yau ɗin nan, kada a kai gobe. Ta koma da wannan saƙon. Nan Alhaji ya sha mur. Ya ce bai san an fara tsallake kwamiti ana kai ƙara birni ba. Malam Mujitaba ya buɗe littafinsa ya rubuta cewa za a duba maganar a zama na gaba, zaman da ba wanda ya sa masa rana.

Ran wata Juma'a cikin Agusta, da maza suka tafi masallaci, Asabe ta ɗauki sabuwar reza da tsohon zane da ɗan baƙin mai a gwangwani. Baba Ɗahiru bai je masallaci ba saboda bayansa ya riƙe. Ya dubi rezar, ya dube ta, ya miƙa mata mukulli ya juya fuskarsa wajen gonar dawa.

Ta tsuguna ta gefen gabas ta tsaga ledar kamu biyu. Ruwan da ya taru a naɗin ƙasa ya kwararo mata a ƙafa, mai ɗumi, ja-ja. Ta ji zuciyarta ta karye. Koren fentin nan da ta shafa ranar farko ya fara tashi, tsatsa ta ɓullo a kan kusoshi. Ta zura hannu iya inda ya kai, ta goge, ta shafa mai, ta tokare bakin tsagar da karan dawa. Iya abin da ta iya ke nan, don sauran injin ya fi ƙarfin hannunta, kuma ba ta da ƙarfin halin yaye ledar gaba ɗaya. Daga ranar, duk sanda rana ta fito, Baba Ɗahiru sai ya buɗe ƙofa ya zauna a bakinta kamar mai shan iska.

Kwana goma sha ɗaya aka yi haka. A na sha biyu Alhaji ya zo da wasu abokansa 'yan kasuwa daga garin Ƙofa don ya nuna musu yadda ake adana kayan zamani. Ya ga ƙofa a buɗe, ya ga tsaga, ya ga karan dawa. Ihun da ya yi har matan da ke bakin murhu suka ji.

"Wane maƙiyin ci gaban garin nan ne ya yi wannan? Ɗahiru! Kai aka ba amana. Tattara tabarmarka, yau aikinka ya ƙare!"

Tsohon ya fara lalubar sandarsa. Asabe ta taho tana goge hannu a zane.

"Alhaji, a bar Baba. Ni ce. Ni na karɓi mukulli, ni na tsaga. Ruwan da ya fito ya kai bokiti. In ka yarda a yaye yanzu a shanya, wallahi da sauran dama."

Alhaji ya juya wajen baƙinsa ya ce, "Kun ji ko? Da bakinta." Ya sa aka kawo salatif aka liƙe tsagar, aka ƙara leda ta huɗu, aka rufa tamfol a sama. Ya sayo sabon kwaɗo, mukullin kuma ya koma aljihunsa. Baba Ɗahiru ya tsira da aikinsa, sai dai yanzu gadin ɗakin da ba ya iya buɗewa yake yi.

Wata biyu da rabi Asabe tana wucewa ta gaban ƙofar nan. Ta daina tsayawa. Wani lokaci in rana ta take, tana jin kwanon ɗakin yana ƙas-ƙas saboda zafi, sai ta ƙara sauri.

Kaka ta yi, aka yanke shinkafa, matan suka turara suka shanya, suka jera buhuna a bayan ɗakin suna jiran ranar buɗewa. Babban baƙo bai samu zuwa ba, amma ya turo wakili, wakilin kuma ya turo ƙaninsa, wanda ya zo da mai hoto. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka yi jawabai har huɗu. A cikin jawabinsa Alhaji ya ba da tarihin wahalar da kwamiti ya sha wajen samo injin, har muryarsa ta yi rawa. Injiniya Nazifi ya iso ana tsakiyar jawabi, ya tsaya daga baya yana kallon tagogin da aka toshe.

Aka buɗe ƙofa, aka yaye tamfol, aka yanke leda. Warin da ya fito ya sa ƙanin wakili ya ja da baya ya toshe hanci da hula. Injin ya koma ja kamar ƙasar Doguwa. Bel ɗin ya yi furfura da fumfuna, rariyar ta ci tsatsa har ta huje. A ƙarƙashi kuwa barkonon da aka watsa ya tsiro, siraran farare, sun kai tsawon yatsa. Shi kaɗai ne ya ji daɗin adanar.

Nazifi ya buɗe akwatin wutar, ruwa ya ɗigo daga ciki. Ya ce, "Alhaji, kada a kunna. A ba ni mako guda in kwance in busar, wataƙila a ceci koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke juya shi."

"Mako guda? Baƙo ya taso tun daga birni, ga mai hoto, ka ce mako guda? Tsatsa ce kawai a sama. Da ya juya zai kakkaɓe ta."

Aka tayar da janareta. Ƙanin wakili ya yanke ƙyalle, ya miƙa yatsa daga nesa ya danna maɓalli. Injin ya yi wani gurnani, ya girgiza sau ɗaya, sai tau! Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, fitilu suka ɗauke. Mai hoto dai ya samu abin da ya zo nema, domin ya ɗauki Alhaji yana tsallake benci da babbar riga a hannu.

Da hayaƙi ya lafa, Nazifi ya zagaya injin, sai ya tsaya ta gefen gabas. Wuri guda, faɗin faranti biyu, yana nan kore, kusoshinsa da maiƙo.

"Wa ya buɗe nan?" ya tambaya.

"Yawwa!" in ji Alhaji, yana haki. "Ka zo wurin. Ga ta can. Ita ta tsaga da reza."

"To ai nan kaɗai ne ya tsira, Alhaji. Da an bar ta ta yaye duka, da yau muna casa. Rufewar ce ta kashe shi. Daɓe ɗanye, ba iska, rana tana dafa shi kullum."

Asabe ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Ta ɗauka magana ta ƙare, tunda ga mai ilimin abin ya faɗa a gaban kowa. Shekararta hamsin da biyu a garin nan, amma har yanzu tana irin wannan zaton.

Alhaji ya gyara riga, ya matso a hankali.

"Injiniya, tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa mini tsakaninka da Allah. In leda ta huje, danshi yana shiga ko ba ya shiga?"

"Yana iya shiga, amma a nan abin da ya faru shi ne..."

"Sakatare, rubuta. Injiniya ya ce yana shiga." Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Ta nan ruwan ya shiga. Shi ya sa wurin ya fi ko'ina tsabta, wanke shi ya yi da zai wuce ciki."

Aka yi ta gyaɗa kai. Bayani ne mai daɗin ji, ga shi bai taɓa kowa a cikin masu zaman rumfa ba. Nazifi ya yi ta magana, amma an riga an fara rabon lemo.

Bayan kwana uku hukunci ya fito. Masu tallafi sun ce za su turo a gyara, in kwamiti ya rubuto da hatimin shugaba. Shugaba kuma ya ce hannunsa ba zai taɓa hatimi ba muddin wadda ta yi ɓarnar tana shugabancin mata tana kuma zama a kwamiti. Malam Mujitaba ya kawo saƙon da la'asar har bakin murhu, da littafinsa a hammata, don ya ƙirga hannuwan matan da suka yarda a sauke ta.

Mubaraka, mataimakiyar Asabe, wadda suka yi shekara ashirin suna juya duro ɗaya, ta miƙe tsaye.

"Wallahi ba za mu ɗaga ba. Yaya Asabe, duk wadda ke nan ta san gaskiya. Mu koma Dangora, ai ba yau muka fara ba."

Sauran suka ce haka ne. Asabe ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai tsohon ciki, akwai masu goyo huɗu, akwai wadda bara ta faɗo daga kan lodi a hanyar Dangora, har yau ba ta iya ɗaga hannun hagu sosai. Ta dubi buhunan da ke jingine da bangon ɗakin. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da ba ta taɓa ji ba ko a ofisoshin Kano, domin can aƙalla ba su san ta ba.

"Mubaraka, zauna," ta ce. "Ni inji na nema, ba kujera ba. Malam, fara ƙirgawa."

Ta ɗaga hannunta sama, ita kaɗai, ta riƙe shi a nan. Aka daɗe ba wadda ta motsa. Sai ta daka musu tsawa irin wadda take yi in an bar shinkafa ta zarce a wuta, hannuwa suka fara tashi, wasu matan suna rufe fuska da mayafi. Mubaraka ce ta ƙarshe.

"Ashirin da bakwai," in ji Malam Mujitaba, cike da jin daɗi. "Kai, ban taɓa ganin haɗin kai irin wannan ba. Har da mai laifin."

Ya rufe littafi ya soke biro. Asabe ta sauke hannunta, wanda ya riga ya yi tsami.

"Malam, kafin ka tafi, ka rubuta mini abu ɗaya. In an gyara shi, don Allah a fasa bulon tagogin nan, a ɗora shi a kan katako."

Malam Mujitaba ya tsaya, ya dube ta da tausayi na gaske.

"Ayya, Hajiya, da kin faɗa kafin a ƙirga. Ai yanzu ke ba mamba ba ce, ba a rubuta maganarki."